Amsoshin Tambayoyinku: Ivan Nikitin, Mai Zanen Fadar Sarki Pita na Rasha

A wannan fitowa mun haɗa wasiƙu uku wuri guda, domin dukkansu a kan mutum ɗaya suke magana.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne mai karatun zane-zane a jami'a, kuma a darasin tarihin zane kullum labarin Italiya da Faransa da Holand ake ba mu, ba a cika ambaton Rasha ba. Don Allah wane ne ɗan Rasha na farko da ya yi suna wajen zana hotunan mutane, kuma yaya aka yi ya kai ga wannan matsayi? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Mutumin da kake nema shi ne Ivan Nikitin, wanda aka haifa a Mosko wajen shekarar 1690, ya rasu a 1742. Akwai waɗanda suka riga shi zana fuskokin sarakuna a ƙasar, amma shi ne ɗan Rasha na farko da ya zaunar da mutum mai rai a gabansa, ya dube shi da kyau, ya fitar da kamanninsa da halinsa a kan ƙyalle yadda gwanayen Turai ta Yamma suke yi, har sarkin ƙasarsa ya riƙa alfahari da shi a gaban sarakunan waje.

Kafin ka gane girman abin da ya yi, sai ka san yadda ya tarar da sana'ar. Tun daga shekarar 988, lokacin da masarautar Kiyef ta karɓi addinin Kirista na ɗariƙar Otodoks, zane a wannan yanki aikin majami'a ne. Mai zane yakan sami allon katako, ya shafe shi da farin alli, ya kwaɓa launukansa da gwaiduwar ƙwai, sannan ya zana waliyyi bisa tsarin da magabata suka bari, ba tare da ya ƙara ko ya rage ba, kuma yawanci ko sunansa ba ya rubutawa a jikin aikin. A ƙarni na 17 aka fara wani nau'in zane da suke kira parsuna, wato hoton sarki ko basarake ko babban limamin majami'a, sai dai masu yin sa mutanen nan ne da suka tashi a kan zanen waliyyai, saboda haka fuska takan fito a shimfiɗe ba tudu ba kwari, jiki a sandare, yayin da aka ƙare gwaninta a kan adon riga da zinariyar da ke jikinta. Simon Ushakov, babban mai zane na fadar Kremlin wanda ya rasu a 1686, ya ɗan shigo da haske da inuwa a fuskokin da yake zanawa, kuma wannan kaɗai ya isa ya tayar da hankalin masu ra'ayin riƙau, har fitaccen limaminsu Abbakum ya koka cewa an fara zana tsarkaka da kumatu da jan leɓe kamar Jamusawa.

A cikin wannan yanayi Sarki Pita na Ɗaya ya yi doguwar tafiyarsa zuwa Turai ta Yamma a 1697 da 1698, inda a Landan wani mai zanen fadar Ingila, Godfrey Kneller, ya zana shi sanye da sulke. Pita ya komo gida da ƙudurin sauya ƙasarsa baki ɗaya: ya sa manyan fadawa su aske gemu su sa tufafin Turawa, ya kafa birnin San Pitasbag a 1703, ya kuma gane cewa hoton sarki kayan aikin mulki ne, domin da shi ake neman aure tsakanin gidajen sarauta, da shi ake yi wa jakadu kyauta, da shi kuma ake saka wa kwamandan da ya yi abin kirki. Ya ɗauko masu zane daga waje, irin su Johann Tannauer Bajamushe da Louis Caravaque Bafaranshe, amma bai taɓa jin daɗin cewa duk lokacin da ake buƙatar gwani sai an nemo baƙo ba.

Nikitin ɗan limamin majami'a ne, kuma danginsa suna da kusanci da fada ta fuskar hidimar addini. Wajen 1711 ya koma San Pitasbag, kuma zuwa 1714 hannunsa ya riga ya faɗa har ana ba shi aikin zana 'ya'yan gidan sarauta, ciki har da Praskovya, 'yar Sarki Ivan na Biyar, yayan Pita, da kuma Natalya, ƙanwar Pita da yake matuƙar ƙauna. A 1716 Pita ya tura shi Italiya tare da ƙanensa Roman domin ƙaro ilmi da kuɗin gwamnati. A wannan shekara Pita ya rubuta wa matarsa Katarina, wadda take birnin Danzig a lokacin, yana gaya mata cewa idan mai zane Ivan ya iso wurinsu ta roƙi Sarkin Foland, Agustas na Biyu, ya bari yaron ya zana shi, domin a san cewa a cikin mutanen Rasha ma akwai gwanaye. Ina ganin wannan wasiƙa ita ce mabuɗin tarihin Nikitin, saboda ta nuna cewa Pita yana kallonsa a matsayin hujjar da zai nuna wa duniya, kuma ta nuna cewa darajarsa duka a hannun mutum ɗaya take.

Ya zauna a Benis da Fulorens, inda ya yi karatu a hannun Tommaso Redi, ya kwaikwayi ayyukan manyan gwanayen Italiya, ya koyi tsarin jikin ɗan Adam da yadda ake sarrafa fentin mai. Ya komo San Pitasbag a 1720, aka naɗa shi mai zanen fada a shekarar da ta biyo, kuma kundin fada na 1721 ya ambaci cewa ya zana Pita da kansa a tsibirin Kotlin. Daga nan har zuwa rasuwar sarkin a 1725, babu wani mai zane ɗan ƙasa da ya kai shi daraja a Rasha.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Bayan na ji sunan Nikitin na nemi hotunansa a intanet, amma gaskiya ban ga abin mamaki ba, domin duk duhu ne a bayansu kuma mutanen ba su da fara'a. Mene ne ya kamata in lura da shi idan ina kallo? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Barka kadai, Malama. Abin da kika gani haka yake, kuma duhun nan da gangan ya sa shi, domin idan bayan hoto ya yi duhu, ido ba shi da wurin zuwa sai fuska. Shawarata ita ce ki jera hotuna huɗu bisa shekarunsu, ki bi su ɗaya bayan ɗaya, za ki ga yadda mutumin ya ƙaru.

Ki fara da hoton Praskovya na 1714, wanda yake Gidan Tarihin Zane na Rasha a San Pitasbag. Budurwa ce mai kimanin shekara 20, sanye da rigar Turawa mai zaren zinariya da jan mayafin sarauta a kafaɗa. Idan kika ƙura wa rigar ido za ki ga har yanzu da sauran taurin parsuna, domin ninkin tufafin ya yi kamar an karya shi, kuma jikin da ke cikin rigar bai fito sosai ba. Amma ki dubi fuskar: doguwa ce, hancin ma dogo, da ɗan murmushi da bai gama fitowa ba, irin na yarinya mai kunya da aka ce ta zauna kada ta motsa. Bai ƙara mata kyan da ba ta da shi ba, kuma a gidan sarauta wannan ba ƙaramar ƙarfin hali ba ce.

Na biyu shi ne hoton Gavriil Golovkin, babban wazirin Pita mai kula da hulɗa da ƙasashen waje, wanda Nikitin ya zana bayan dawowarsa daga Italiya, kuma yana Gidan Zane na Tretyakov a Mosko. A nan taurin ya tafi gaba ɗaya. Dattijon yana sanye da gashin aro mai tsawo irin na fadawan Turai, da riga mai launin ƙasa, da shuɗin ƙyallen lambar girmamawa ta Waliyyi Andarawus da ya ratsa ƙirjinsa. Duk alamun muƙami suna nan, amma haske ya fi sauka a kan busasshiyar fuskarsa da idanunsa masu lura, idanun mutumin da ya daɗe a fada ya san lokacin magana da lokacin yin shiru. Golovkin ya yi wa sarakuna huɗu hidima a jere ba tare da an kayar da shi ba har ya rasu a 1734, kuma wanda ya kalli hoton ba zai yi mamakin haka ba.

Na uku, wanda a ganina ya fi duka, shi ne wanda ake kira Hetman na Fagen Fama, wato wani kwamandan mayaƙa da har yau masana ke muhawara a kan ko wane ne. Babu gashin aro a kansa, babu lamba ko ɗaya a ƙirjinsa. Furfura ce a hargitse, da gashin baki da ya sunkuyo, da fatar ido da ta yi ja kamar ta wanda ya kwana biyu bai runtsa ba, ga riga an bar ta a buɗe ba a damu da gyara ta ba, shi kuma yana kallon gefe kamar ya manta akwai mai zane a ɗakin. A zamanin da kowane babban mutum yake son a nuna shi da dukkan adonsa, Nikitin ya zana gajiya da damuwa a fuskar sojan da ya tsufa a bakin aiki, ya bar su su zama darajar mutumin. Wannan hoton shi ne dalilin da ya sa nake ganin Nikitin ya wuce ɗalibi mai kwaikwayon Italiyawa, domin abin da ya koyo a Fulorens dabarar hannu ce, amma shawarar abin da ya cancanci a nuna tasa ce.

Na huɗu shi ne hoton Pita a kan gadon mutuwa, na farkon 1725. An hango kan sarkin daga ɗan sama, yana bisa matashi, an lulluɓe shi da mayafin sarauta, kuma ana iya ganin saurin buroshi a jikin fentin, domin aiki ne da ba ya jiran gobe. Sarkin da tsawonsa ya kai mita biyu, wanda fushinsa yake sa fadawa rawar jiki, ya fito a nan da fuska mai natsuwa, kuma a bayyane yake cewa wanda ya yi zanen ya san mamacin yana kuma jimamin rashinsa.

Ki kuma sani cewa kaɗan ne daga cikin ayyukansa suke ɗauke da sa hannunsa, kamar hoton Praskovya da na matashin basarake Sergei Stroganov na 1726. Sauran, har da na Hetman, masana ne suka jingina masa su bisa salon hannu da takardun fada, shi ya sa za ki ga wani gidan tarihi ya rubuta sunansa a ƙarƙashin hoto da alamar tambaya a gaba.

Tambaya: Salamu alaikum, Malam. Na ji an ce wannan mai zane a kurkuku ya ƙare, har bulala aka yi masa. Wane irin laifi mai zanen fada zai aikata da za a yi masa haka, kuma ina waɗanda ya yi wa aiki suke da ba su cece shi ba? Daga wani mai karatu a Garwa, Kamaru.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka ji gaskiya ne, kuma laifin da aka ɗora masa ba shi da alaƙa da zane ko kaɗan.

Bayan rasuwar Pita, gadon sarautar Rasha ya shiga sauye-sauye a jere. Katarina ta Ɗaya ta yi mulki daga 1725 zuwa 1727, sai jikan Pita, wato Pita na Biyu, wanda yaro ne kuma a zamaninsa fada ta koma Mosko, ya rasu a 1730, sannan Anna, 'yar Ivan na Biyar, ta hau. A duk wannan lokaci babu wata makarantar zane ta gwamnati ko ƙungiyar masu sana'a da za ta riƙe mutum irin Nikitin, saboda matsayinsa ya dogara ne kacokan ga son da sarki yake masa. Aiki ya ragu a hannunsa, sabuwar fada ta fi karkata ga Caravaque, wanda ya zama mai zanen Anna na musamman, shi kuma Nikitin ya koma zama a Mosko kusa da 'yan'uwansa.

Rigimar da ta ci shi ta majami'a ce. A 1721 Pita ya soke kujerar babban shugaban majami'ar Rasha, ya maye gurbinta da majalisar limamai da ke ƙarƙashin ikon sarki, kuma wanda ya tsara masa wannan sauyi shi ne Feofan Prokopovich, malami mai kaifin basira wanda daga baya ya zama babban limamin Novgorod. Limamai da yawa ba su yafe wa Feofan ba, suna zarginsa da karkata ga aƙidar Furotesta da kuma miƙa majami'a ga masu mulki, har aka riƙa yaɗa rubuce-rubucen suka a kansa a ɓoye, ana kwafa da hannu ana miƙa wa amintattu. Feofan kuwa ya taimaki Anna ta tabbata a kan mulki a 1730, saboda haka sukarsa ta zama kamar sukar sarauniya. A 1731 aka sake buɗe ofishin binciken sirri a ƙarƙashin Andrei Ushakov, kuma a 1732 binciken waɗannan takardu ya iso gidan su Nikitin. Aka kama Ivan, aka kama Roman, aka kama ɗan'uwansu Irodion, wanda babban limami ne a Mosko.

Shekara biyar Nikitin ya yi a tsare a ganuwar Pita da Bulus da ke San Pitasbag, ana yi masa tambayoyi, a birnin da shekara goma kafin nan yake shiga fada ya zaunar da sarki. A 1737 aka yanke hukunci, aka yi masa bulala, aka kore shi tare da Roman zuwa Tobolsk a Saberiya, kusan kilomita 2,000 gabas da Mosko. Ka tambayi ina waɗanda ya yi wa aiki. Natalya ta rasu tun 1716, Pita a 1725, Katarina a 1727, ita kuwa Praskovya, wadda ƙanwar Sarauniya Anna ce uwa ɗaya uba ɗaya kuma da wataƙila ta sa baki, ta rasu a 1731, shekara guda kafin a kama shi. Golovkin yana raye yana kuma kan muƙaminsa lokacin da aka yi kamun, amma Nikitin ya ci gaba da zama a tsare. Ni dai abin da ya fi yi mini ciwo a wannan labari shi ne shekarun da aka salwantar, domin mutum ne da ya kai ƙololuwar gwanintarsa yana ɗan shekara talatin da 'yan kai, kuma da an bar shi da buroshinsa a babban birni da ya horar da ɗalibai masu yawa.

Da yake daga Kamaru ka rubuto, akwai wani da ya sha irin wannan ɗaci wanda ya kamata ka san shi. Abram Gannibal ɗan Afirka ne da aka kawo Rasha yana yaro, Pita ya tsaya masa a matsayin uba wajen baftisma, ya bar shi a Faransa a 1717 domin ya koyi aikin injiniyan soja, ya dawo a 1723. A wata takarda da ya rubuta a 1742 ya ce garinsu Lagon ne, kuma wani masanin tarihi ɗan Jamhuriyar Binin ya kawo hujjoji cewa Logon Birni ake nufi, a arewacin Kamaru kusa da Tafkin Cadi, ko da yake wasu sun fi karkata ga yankin Habasha. Shi ma bayan rasuwar Pita an tura shi Saberiya a 1727, sai dai shi ya tsira, ya dawo, ya kai muƙamin janar a zamanin Elizabet, 'yar Pita.

Nikitin bai sami wannan rabo ba. A Tobolsk bai ajiye sana'arsa ba, har ana jingina masa hoton babban limamin garin, Antoni Stakhovski. Anna ta rasu a 1740, mulki ya sake sauya hannu, aka yi wa da yawa daga waɗanda aka kora afuwa, shi ma yana cikinsu, amma kafin umarni ya isa Saberiya a kuma shirya tafiya lokaci ya ja. Ya kamo hanyar gida a 1742, ya rasu a hanya bai kai Mosko ba. Roman ya iso lafiya ya ci gaba da zane. Abokin zamaninsu Andrei Matveev, wanda shi ma aka tura karatu a 1716, amma zuwa Holand, ya riga ya rasu tun 1739, saboda haka daga cikin manyan gwanaye biyu da Pita ya kashe kuɗi ya horar babu wanda ya ga shekarar 1757, lokacin da Ivan Shuvalov ya kafa Makarantar Koyon Zane ta San Pitasbag a zamanin Elizabet. Bayan su ne Aleksei Antropov da Ivan Argunov suka ɗauki sana'ar, sannan Fyodor Rokotov da Dmitri Levitski suka kai zanen hoton mutum a Rasha matsayin da ya yi gogayya da na kowace ƙasa a Turai kafin ƙarshen ƙarni na 18.